Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tsohuwar Mota Tsakanin Gwanjon Turai da Sikelin 'Yan Gwangwan

A watan Agustan 2018, a wani gwanjo da aka yi a Pebble Beach da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, an sallama wata mota a kan Dala miliyan 22. Motar ba sabuwa ba ce, kuma ba ta da ko ɗaya daga cikin abubuwan da samarinmu ke tambaya kafin su taya mota a yau. Kujera biyu gare ta, samanta a buɗe yake, sai wani rufin tamfol da ake jawowa idan hadari ya taso. Sunanta Duesenberg SSJ, an ƙera ta a 1935, shekara huɗu kafin ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila. Guda biyu kacal kamfanin ya ƙera irinta, wannan kuwa ita ce wadda fitaccen ɗan wasan fim Gary Cooper ya hau.

Na san mai karatu zai ce wannan hauka ce irin ta waɗanda kuɗi ya yi wa yawa. Ba zan yi saurin musa masa ba, domin akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, kuma za mu dawo kanta. Amma kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu tambayi abin da waɗannan mutane suke saye. Idan ƙarfe ne, ai ƙarfen motar ba zai wuce kuɗin 'yan buhunan masara ba a sikelin 'yan gwangwan. Idan gudu ne, motocin zamani da yawa za su bar ta a baya. Ashe akwai wani abu da suke gani wanda sikeli ba ya aunawa, kuma ina ganin sanin wannan abu zai amfane mu, mu da ke zaune a ƙasar da kayan tarihinta ke ƙarewa a tukunyar narka ƙarfe.

Abu na farko shi ne ƙaranci. A farkon zamanin mota kusan kowace mota buɗaɗɗiya ce, domin daga keken doki aka kwaikwayo siffarta. A Amurka, a 1919, kusan tara cikin kowace mota goma da ake sayarwa ba su da rufin dindindin, amma kafin 1927 lamarin ya juye, rufaffiyar mota ta mamaye kasuwa. Daga nan buɗaɗɗiyar mota ta alfarma ta koma abin sarakuna, attajirai da taurarin fim. Sai karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta durƙusar da kamfanoni da yawa. Shi kansa Duesenberg bai wuce 1937 ba. Da yaƙi ya zo aka shiga tattara tsofaffin motoci ana narkawa domin ƙera makamai. Waɗanda suka tsira daga wuta kuma ruwa ya ci da yawansu, domin motar da rufinta tamfol ne, da zarar ya yage, damina ɗaya ta isa ta ruɓar da kujeru da katakon jikinta. Saboda haka duk wadda ta kawo yau da lafiyarta ta tsallake siraɗai da dama.

Abu na biyu shi ne aikin hannu. Kafin yaƙi, kamfani irin su Rolls-Royce ba ya sayar wa mutum cikakkiyar mota. Inji da ƙashin mota yake ƙerawa, sai mai saye ya kai wa magina jiki, irin su Hooper ko Park Ward a Ingila, su yi masa jiki daidai da son ransa. Kafintoci su haɗa gwangwani da katako, maƙera su bubbuga fallayen alminiyam da guduma har su lanƙwasu, dukawa su ɗinka kujeru da fata. Ke nan da wuya ka sami biyu da suka yi kama ta kowace fuska. Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba. Wanda ya san bambancin riga 'yar Dikwa ko aska takwas da aka yi watanni ana yi wa aiki da allura, da wadda keke ya zuba wa zare a yini ɗaya, ya riga ya san dalilin da ya sa ake fifita waccan motar a kan dubban da injina ke fitarwa a kullum.

Abu na uku, wanda ya fi jan hankalina, shi ne asali. Shekaru da dama masu tara motoci sun fi son wadda aka kwance aka sake wa komai, tana ƙyalli fiye da ranar da ta fito daga masana'anta. Yanzu tunani ya sauya. A 2024, a gasar tsofaffin motoci ta Pebble Beach, wadda aka fara tun 1950, kambun farko ya tafi ga wata buɗaɗɗiyar Bugatti Type 59 ta 1934, wadda Sarki Leopold na Uku na Beljiyam ya taɓa mallaka. Fentinta ya kode, fatar kujerunta ta tsattsage, jikinta duk tabo. Wannan ne karo na farko da motar da ba a yi wa kwaskwarima ba ta lashe gasar. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce, ana iya gyara mota sau goma, amma sau ɗaya take zama ta asali. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafakarsa, takardunsa sun yi ja saboda yatsun malamai, ya san ba zai musanya shi da sabon bugu mai ruwan zinare ba.

Abu na huɗu shi ne salsala. Masu wannan harka ba sa sayen mota sai sun bi diddigin hannuwan da ta ratsa: wa ya fara sayenta, a wace shekara, wa ya gada, ina aka ajiye ta, kuma ko lambar da ke jikin inji ta yi daidai da wadda ke littafin kamfani. Ɗalibin hadisi zai gane wannan nan take, domin isnadi ne ake nema, kuma inda aka sami giɓi daraja takan ragu. Wata Marsandi 540K ta 1936, mallakar wata 'yar sarautar Jamus mai suna Gisela von Krieger, ta shafe shekaru da dama a kulle a wani gareji a jihar Connecticut. Da aka buɗe bayan rasuwarta a 1989, an tarar da safar hannunta da guntayen tabarta a ciki. A 2012 aka sayar da motar a kan Dala miliyan 11.77. Labarin matar na cikin abin da aka biya.

Akwai kuma na biyar, wanda nake ganin mu ne ya kamata mu fi kowa fahimtarsa. Buɗaɗɗiyar mota 'yar'uwar doki ce. Wanda ke cikinta ana ganinsa, shi ma yana ganin mutane; ƙurar da ta same su ta same shi, gaisuwarsu ta isa kunnensa. Sarautar ƙasar Hausa a kan wannan aka gina ta: sarki ya hau, a ɗaga masa laima, talakawa su yi jinjina, ya ɗaga hannu. Hawan Sallah na Kano, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2024, ba komai ba ne face shugaba ya fito fili jama'arsa su gan shi. Duniya ta yi ban kwana da buɗaɗɗiyar motar shugabanni ne sannu a hankali saboda tsoro: a cikin irinta aka harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya a Sarajevo a 1914, a cikin irinta aka harbe Shugaba Kennedy a Dallas a 1963. Yau manyanmu na wucewa cikin motoci masu baƙin gilashi da jiniya, ba ka san ko suna ciki ba. Wanda ya sayi buɗaɗɗiyar motar 1935, wani ɓangare na abin da yake kewa shi ne zamanin da mai mulki ke iya nuna fuskarsa a titi.

To, ina namu? Mota ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan kafin Yaƙin Hitila. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, hanyoyi suka biyo baya, manyan motoci suka fara karɓe aikin jakuna da raƙuma. A 1924 ayarin motocin Citroën guda takwas ya taso daga Aljeriya ya keta Sahara, ya ratsa ƙasar Hausa ta Nijar, ta Tasawa da Damagaram. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a Nuwambar 1925. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila tun 1921, sannan a 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka je tare. Masanin tarihi Moses Ochonu ya yi littafi sukutum a kan irin waɗannan tafiye-tafiye. Sarakuna, hakimai, Razdan da Di'o, attajiran gyaɗa da 'yan Kwara na Fagge, duk sun hau motocin wancan zamani a titunan Kano. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, ɗalibin da ke son ganin ɗaya daga cikinsu da idonsa, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa?

Kaɗan ɗin da muka adana ya nuna mana abin da muka rasa. Duk ranar da aka fito da shuɗiyar Rolls-Royce ɗin nan ta fadar Kano, ƙirar shekarun 1950, za ka ga yara da manya sun bar sababbin motocin ayari sun zuba mata ido, wayoyi a sama. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas kuma, abin da ya fi tsayar da baƙi shi ne baƙar Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976, da hudojin harsasai a jikinta. Na ga ɗalibai sun yi shiru a gabanta irin shirun da lacca ta awa biyu ba ta taɓa sa su ba. Gani ya kori ji.

Domin mu gane inda sauran suka tafi, sai mu bar birni mu bi titin Gwarzo. Wanda ya tashi daga Kabuga, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Janguza, ba zai daɗe ba zai shiga ƙasar Rimin Gado, inda iyayena suka fito. Yanki ne na karkarar da ke kewaye da Kano, wadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinta tun shekarun 1960 saboda mamakin yadda jama'a masu yawa haka ke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da ta mutu ba. Sirrin shi ne ba a zubar da komai. Kashin dabbobi da tokar murhu su koma gona a mangalar jaki. Karan dawa ya zama danga da makamashi, harawar wake da ta gyaɗa ta zama abincin tumaki, ɗorawa ta ba da kalwa, kuka ta ba da miya. Daga Gulu zuwa Karofin Yashi, da wuya ka ga taƙin ƙasa da ba shi da mai shi.

Wannan tarbiyya ce ta raya mu, kuma ita ce ta cinye mana tsofaffin motoci. A idon manomin Rimin Gado, abin da ya daina aiki dole ya koma wani abu mai aiki. Sifirin mota ya je maƙera ya dawo gatari ko adda. Fallen jikinta ya zama fartanya da murhu. Taya ta zama takalmi, tub ya zama guga, alminiyam ya narke ya zama tukunya. Abin da ya rage kuma masu jari-bola su ɗora a kura, ya bi ta Ƙofar Ruwa ya wuce kamfanonin narka ƙarfe. Ban ga abin zargi a nan ba. Hikima ce da Turawa sai yanzu suke yi mata suna suna shirya taruka a kanta. Illarta ɗaya ce: sikeli bai san bambancin ƙarfen da ke ɗauke da tarihi da ƙarfen banza ba.

Wani kawuna yana da Fijo 404 a-kori-kura da ya saya tun ina ƙarami. Ita ta kai gyaɗar ƙauyenmu kasuwa, ita ta kai amare ɗakunansu, ita ta kai mata masu naƙuda asibiti cikin dare, ita kuma ta ɗauki gawarwaki da dama zuwa makwancinsu. Da ta gaji aka jingine ta a gindin tsamiya, kaji suka mayar da ita akurki. Bayan rasuwarsa aka zo rabon gado. Magada goma sha ne, mota kuwa ba ta rabuwa, sai aka kira masu sikeli. Labari ya iske ni a Kano bayan an gama. Kason da kowa ya samu bai kai kuɗin buhun taki ba, takardunta kuma, da ke ɗauke da sunansa da shekarar da ya saya, aka kunna wuta da su. Wannan ba motar kafin yaƙi ba ce, ba kuma za ta yi kuɗi a Pebble Beach ba. Amma tarihin ƙauye guda na shekara talatin yana jikinta. Idan haka ta faru da Fijo a gaban idonmu, mai karatu ya ƙiyasta abin da ya sami motocin 1930.

Abin takaicin shi ne Allah Ya ba mu yanayin da ya dace da adana ƙarfe. Babban abokin gabar tsohuwar mota shi ne danshi da gishiri, shi ya sa masu neman irin waɗannan motoci a Amurka ke tururuwa zuwa busassun jihohi kamar Arizona. Kano na yin wata bakwai ko takwas ba ruwa. Maƙiyanmu a nan rana ce da ke cin fenti da fata, gara da ke cin katako, da ɓeraye da ke cin waya. Rumfar kwano, daɓen siminti da ƙofa mai kwaɗo sun isa maganinsu. Abin da ke kashe wasu ƙasashe maƙudan kuɗi, mu kyauta muka samu, muka yi kwanan kaza a kan dami.

Yanzu mu koma ga maganar mai karatu. Zai ce, malam, tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 mutane ke jingine motocin da ke aiki ma, magidanci na neman awon yau, kai kana zancen tsohon ƙarfe? Zai ƙara da cewa addini ya hana almubazzaranci da alfahari. Gaskiya ne, kuma ba na kiran wani attajirinmu ya kwashi Dala ya tafi gwanjon Kalifoniya. Wanda ya yi haka alhali makarantar garinsu ba rufi, ya shirya amsar da zai bayar. Ba kuma duk masu tara motocin nan ne masoya tarihi ba. Da yawansu jari suke ɓoyewa, wasu kuma gasar nuna isa suke yi. Abin da nake cewa daban ne. Adana abin da ka riga ka mallaka ba almubazzaranci ba ne. Almubazzaranci shi ne ka sayar da abin da ba za a sake ƙera irinsa ba a farashin kilo.

Indiya ta riga mu shan wannan darasi. A 1934 Maharajan Rajkot ya sa aka ƙera masa wata buɗaɗɗiyar Rolls-Royce Phantom II mai launin ruwan goro da jikin alminiyam, wadda aka yi wa laƙabi da Tauraruwar Indiya. A 1968 ta bar ƙasar zuwa hannun wani Bature. Sai a 2010, bayan shekara 42, wani jikan gidan ya bi sawunta ya sayo ta da kuɗi masu yawa ya mayar da ita gida. Shi ya yi sa'a, domin wanda ya sayi motar kakansa ya adana ta. Wanda ya sayar wa mai sikeli ba shi da inda zai bi sawu. A ɗaya gefen kuma ga Kyuba, inda takunkumi ya tilasta wa mutane lallaɓa motocin Amurka na shekarun 1950, yau buɗaɗɗun cikinsu ke yawo da 'yan yawon buɗe ido a Havana suna ciyar da iyalai.

Abin yi ba mai tsada ba ne. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta fi mayar da hankali kan kayan fasahar gida da aka ƙera kafin 1918, saboda haka kayan zamanin inji sun faɗa tsakanin kujeru biyu, babu mai kula da su sosai. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, tare da Gidan Makama da sassan tarihi na jami'o'inmu, za su iya fara da rajista kawai: a bi fadoji, gidajen hakimai, gidajen tsofaffin attajirai da garejin ma'aikatu, a rubuta abin da ya rage, a ɗauki hoto, a kwafi lambar inji, a naɗi bayanin tsofaffin direbobi tun suna raye. Wannan aiki ne da ɗaliban ajin ƙarshe za su yi da murna a madadin kundayen da ake kwafowa daga intanet. Kada a tsaya kan motocin sarakuna. Gingimarin da ta yi jigilar gyaɗa zuwa dala, Basfar malamin firamare, keken Rali na ma'aikacin gona, duk suna da abin faɗa.

Malamanmu na fiƙihu ma suna da rawar takawa. Shari'a ba ta tilasta a farfasa abin da ba ya rabuwa ba. Ana iya yi masa ƙima wani magaji ya ɗauka a kasonsa, ko magada baligai su yarda su mayar da shi waƙafi. Masu shirya finafinan Kannywood, da ke wahalar neman abin hawa idan za su nuna zamanin da, za su yi hayarsa. Makarantun koyon sana'a za su koya wa yara inji a kansa, domin tsohuwar mota komai nata a fili yake, ba kamar ta yau da sai kwamfuta ta faɗa maka ciwonta ba. Kuma muna da makanikai a Kano da za su tayar da injin da ya shekara arba'in a kwance, idan aka ba su dama.

Ga wanda Allah Ya sa yana da irin wannan ajiya a bayan gida, shawarata gajera ce. Kada ka yi mata sabon fenti, kada ka sauya mata inji da na wata mota, kada ka yar da takardunta ko da sun yage. Ka ɗaga ta daga ƙasa, ka yi mata rumfa, ka zauna da dattijon da ya san ta ka rubuta abin da ya gaya maka. Idan mai sikeli ya zo, ka ba shi tsohuwar ganga da karyayyen gado, ka ce masa wannan ba ta sayarwa ba ce.

Manomin Rimin Gado, duk tsananin yunwar bazara, ba ya taɓa damin iri da ya rataye a rumbu, domin ya san akwai damina a gaba. Irin wannan haƙuri nake roƙon mu yi da ɗan abin da ya rage mana na kayan tarihi, domin jikokinmu za su tambaya, kuma hoto a waya ba zai ishe su amsa ba. Allah Ya ba mu ikon gane darajar abin da ke hannunmu tun yana hannunmu. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.